Facebook ko WhatsApp: Wanne ya fi riƙe zumunci tsakanin birni da ƙauyukan arewacin Kano?

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Dambatta ko zuwa Bichi da damina zai lura cewa da wuya ido ya faɗa kan daji. Gona ce ke bin gona, gero da dawa da gyaɗa da wake a cakuɗe, itatuwan gawo da ɗorawa da kuka a tsaitsaye a tsakaninsu, kuma kafin a ɓace wa wani ƙauye an hango rumbunan wani. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya fara nazarin wannan yanki tun shekarun 1960, ya kuma bayyana shi a matsayin ɗaya daga cikin yankunan karkara mafiya cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. A zamanin nazarinsa jakuna ne ke shigar da itace birni, su fito da taki zuwa gonaki, a noma fili ɗaya kowace shekara ba tare da an bar shi ya huta ba.

Wannan shige da fice bai tsaya kan itace da taki ba. Ƙarancin gona ya daɗe yana tura 'ya'yan yankin neman abinci a waje. Da yawa daga masu shaguna a Kantin Kwari da Singa da Dawanau, da ma'aikatan Sakatariyar Audu Baƙo, asalinsu mutanen Kunchi ne ko Tsanyawa ko Makoɗa ko Minjibir ko Dawakin Tofa ko Bagwai. Wasu sun zarce Abuja da Legas da Fatakwal, wasu har Saudiyya. Kowannensu ya baro abokan da aka yi makarantar allo da gayya tare, kuma yau mafi yawan hulɗarsa da su ta koma cikin waya. Tambayar da ke gaban irin wannan mutum ita ce: cikin kafafen da ke wayarsa, wacce ce ke riƙe masa waɗannan abokai, wacce ce kuma ke sa shi zaton yana riƙe da su alhali suna suɓucewa?

Shela da sallahu

Tun kafin zuwan wayar salula, mutanen karkarar Kano suna da hanyoyi iri biyu na isar da labari, kuma kowace da aikinta. Ta farko ita ce shela. Mai unguwa ya sa sanƙira ya zaga gari, ko liman ya yi sanarwa bayan an idar da salla, ko a aika da katin gaisuwa zuwa shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, a karanto sunan mutum da na abokansa kowa ya ji. Shela ta kowa ce. Wanda ya yi ta bai san ko su wane ne za su ji ba, kuma ba ya jiran amsa.

Ta biyu ita ce sallahu. Mutum ya tari direban motar ƙauyensu a tashar Ƙofar Ruwa, ko ya haɗu da ɗan garinsu a kasuwar Dambatta ranar Lahadi, ya ba shi saƙon baka da 'yar tsaraba ya kai wa wane. Wani ya sa ɗan makaranta ya rubuta masa wasiƙa, da boko ko da ajami. Masu nisan zango kan naɗi muryarsu a kaset su aiko gida, a taru a tsakar gida a saurara. Sallahu na mutum ɗaya ne ko gida ɗaya, kuma amsa ake jira.

Wanda ya riƙe wannan bambanci zai fahimci kafafen zamani cikin sauƙi. Facebook da TikTok da X magadan shela ne. WhatsApp da kiran waya kuwa magadan sallahu ne. Rikicin da ake samu yakan taso ne idan aka ɗora wa ɗaya aikin ɗayan.

Yadda aka zo nan

Wayar salula ta tsarin GSM ta fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001 ta hannun kamfanonin MTN da Econet. A 2003 Glo ya shigo da tsarin cajin kira bisa daƙiƙa, abin da ya sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi. A 'yan shekarun farko, mai waya ɗaya a ƙauye shi ne gidan waya: a kira shi daga birni, ya aika yaro ya kirawo wanda ake nema. Daga baya matasa suka rungumi manhajar 2go ta Afirka ta Kudu, wadda ke aiki a kan ƙananan wayoyi da kuɗi kaɗan. Facebook, wanda aka kafa a Amurka a 2004, ya samu shiga sosai bayan yawaitar manyan wayoyi masu arha da fitowar Facebook Lite a 2015. WhatsApp ya fito a 2009, ya ƙaro saƙon murya a 2013, sannan kamfanin Facebook ya saye shi a 2014 a kan kusan dala biliyan 19. Don haka manhajojin biyu na gida ɗaya ne, kamfanin da yanzu ake kira Meta, amma gininsu ya sha bamban.

Abin da Facebook ya iya, da abin da yake ɓoyewa

Ba a kai Facebook wajen nemo wanda ya ɓace. Ma'aikacin da ya rabu da abokin karatunsa tun suna Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Bichi shekara ashirin da suka wuce, zai iya rubuta sunansa ya same shi cikin minti ɗaya, ya ga fuskarsa, ya san inda yake aiki. Haka nan sanarwar rasuwa ko ɗaurin aure ko naɗin sarauta takan kai ga ɗaruruwan mutane a sa'a guda. Shafukan ƙungiyoyin ci gaban gari sun zama wurin da 'yan asalin yanki ke ganin hoton gadar da ruwa ya cinye ko ajin da rufinsa ya yaye, har a kai ga tara gudunmawa.

Sai dai akwai abin da masu amfani da shi da yawa ba su lura da shi ba. Facebook ya amince mutum ya tara abokai har 5,000, amma ba ya nuna masa duk abin da suka wallafa. Tun 2006 da aka ƙirƙiro shafin farko mai jero labarai, sannu a hankali aikin zaɓen abin da za a gani ya koma hannun wani tsarin lissafi na kwamfuta. Tsarin yana auna abin da mutum ya saba tsayawa a kai da abin da ya fi jawo muhawara, sai ya tura shi gaba. Manufarsa ita ce mutum ya daɗe yana kallo, domin daga talla kamfanin ke samun kuɗi. A shari'ar da hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta yi da Meta a 2025, alƙaluman da kamfanin ya gabatar da kansa sun nuna cewa kason lokacin da masu amfani da Facebook ke ɓatawa wajen kallon abin da abokansu suka wallafa ya sauka daga kashi 22 zuwa kashi 17 cikin ɗari a shekara biyu. Ragowar lokacin yana tafiya ne kan bidiyoyin baƙi da shafuka da tallace-tallace.

Wannan tsari yana da illa ta musamman ga abokin ƙauye. Manomin da ke Kunchi, ko da yana da shafi, wataƙila sau ɗaya a wata yake leƙawa, ranar da ya sayi data. Ba ya yawan wallafa komai, ba ya shiga gardamar siyasa. A ma'aunin kwamfuta ba shi da nauyi, don haka sunansa ba ya tasowa. Ɗan birni yana iya shafe shekara yana ganin rubutun wani ɗan siyasa da bai taɓa gaisawa da shi ba kullum, bai ga ko sau ɗaya hoton ɗan abokinsa na ƙuruciya ba. Shi kuwa a ransa yana jin suna tare, tunda sunan yana cikin jerin abokansa.

Akwai kuma batun abin da ake iya faɗa a bainar jama'a. Bahaushe ba ya shelar cewa abincin gidansa ya ƙare a watan Agusta kafin gero ya nuna, ko cewa ya jinginar da gonarsa don biyan kuɗin asibiti. Abin da ke hawa Facebook shi ne hoton Sallah da na biki da na sabon babur. Wanda ya dogara da shi wajen sanin halin da abokinsa ke ciki zai riƙa ganin ranakun farin ciki kaɗai, waɗanda su ne aboki ya fi ƙarancin buƙatarsa a cikinsu.

Dalilin da ya sa murya ta ci kasuwa

WhatsApp bai da mai tace saƙo tsakanin mutum biyu. Abin da aka aika yana zuwa ga wanda aka aika wa, a kan jerin da aka aiko shi. Lambar waya kawai yake buƙata. Mafi girman abin da ya ba mutanen karkara shi ne saƙon murya. Dattijon da ya yi zurfi a karatun allo amma bai saba da rubutun boko ba, da matar auren da ba ta fita sai da dalili, duk suna iya danna wuri ɗaya su yi magana da Hausarsu, da gaisuwarta da addu'arta. Kaset ɗin da ake jira wata guda ya iso yanzu yana isa cikin daƙiƙa. Murya kuma tana ɗauke da abin da rubutu ba ya ɗauka. Aboki na jin "lafiya lau" ya gane ko lafiyar ce, ko dai kunya ce ta hana a faɗi sauran.

Saƙon murya ya kuma dace da tsarin ranar manomi. Da damina, daga shuka zuwa noman farko da maimai, mutum yana gona tun bayan Asuba, wayar tana gida ko tana wurin mai caji. Kira zai iya samun sa a kashe, amma saƙo yana jira har ya dawo ya saurara bayan Isha'i.

Ta nan ne harkoki na zahiri ke bi. Ɗan kasuwar Dawanau yana tambayar abokinsa yadda riɗi ya yi bana. Ma'aikacin da ya bar gonar gado a hannun amininsa yana karɓar hoton yabanya, ya tura kuɗin taki ta wurin mai POS. Masu noman rani a bakin madatsun ruwa na Watari da Tomas suna jin farashin tumatir da albasa kafin su yi lodi. Mata suna shirya gudunmawar biki da zubin adashe. Idan aka zo neman aure, ta nan ake tambayar asalin yaro a asirce. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da za a yi a dandalin da kowa ke gani.

Amma zaurukan WhatsApp, waɗanda ake kira guruf, wani abu ne dabam. A da zaure ba ya wuce mutum 256, amma tun 2022 yana iya ɗaukar 1,024. Zauren da ya kai ɗaruruwa ya tashi daga sallahu ya koma shela. Zauren tsofaffin ɗalibai ko na 'yan gari yakan fara da ɗoki, sai ya cika da saƙonnin da aka turo daga wani wuri, da hotunan barka da Juma'a, da cacar baki lokacin zaɓe. Mutum biyar ke magana, sauran suna kallo. Sanarwar rashin lafiyar wani tana iya nutsewa a ƙarƙashin saƙo ɗari uku. Kamfanin da kansa ya ga matsalar yaɗa jita-jita, shi ya sa a Janairun 2019 ya taƙaita tura saƙo ɗaya zuwa wuri biyar a lokaci guda.

Wanda ke biyan kuɗin zumuncin

Mazaunin birni yakan manta cewa kowane saƙo yana da farashi a ɗaya ɓangaren. A ƙauyuka da yawa babu wutar lantarki mai ɗorewa, sai an biya mai janareta ko mai sola a yi caji. Sabis yana ƙarfi a bakin titin Katsina da na Daura, yana raguwa idan aka nutsa ciki. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanoni su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Facebook da TikTok, da yake bidiyo ya mamaye su, suna cinye data da sauri. Rubutu da gajeren saƙon murya kuwa kaɗan suke ci. Wanda ya tura wa abokinsa na ƙauye bidiyon wa'azi ko na barkwanci na minti goma, ya ci masa kuɗin da zai ishe shi gaisawa da mutane na kwanaki.

Ga kuma waɗanda ba su da babbar waya sam, kuma suna da yawa a cikin dattawa da mata. Su ba sa Facebook, ba sa WhatsApp. Idan sanarwar jana'iza ko taron dangi ta tsaya a zaure, an cire su ke nan ba tare da kowa ya yi niyya ba. Ga irin waɗannan, kiran waya na minti biyu ya fi duk wata manhaja.

Amana da abin da ke ɓacewa

Tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙonni ta yadda mai aikawa da mai karɓa kaɗai ke iya buɗe su. Wannan kariya ce daga na waje, amma ba ta hana wanda aka aika wa ya tura wa wani. A ƙauye kuma waya ɗaya takan bi hannuwa da yawa: ƙane ya ara, mai caji ya riƙe ta yini guda. Magana zarar bunu ce, kuma wadda aka naɗa ta fi wuyar mayarwa. Saƙon murya da aka yi cikin fushi kan rabon gado yana iya zagaya dangi kafin gari ya waye.

'Yan damfara ma sun gane darajar amana. A Facebook sukan buɗe shafi da suna da hoton wani, su nemi rance daga abokansa. A WhatsApp sukan kira mutum su yaudare shi ya karanto musu lambobi shida da aka turo masa, su ƙwace layin, su shiga zaurukansa suna roƙo da sunansa. Maganin na farko shi ne a kira mutum a ji muryarsa kafin a tura ko sisi. Maganin na biyu shi ne kada a faɗa wa kowa lambobin, sannan a kunna matakin tsaro na biyu da ke cikin manhajar. Hakazalika, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani kan sake sayar da shi, don haka tsohuwar lambar aboki tana iya kasancewa a hannun baƙo.

Ta fuskar ajiya, Facebook ya fi. Hoton da aka ɗora shekara goma da suka wuce yana nan. Na WhatsApp yawanci a cikin wayar yake, idan ta faɗa ruwa ko aka sace ta ba tare da an adana kwafi ba, muryar mahaifin da ya rasu ta tafi tare da ita. Duk da haka babu kafar da ke da tabbas. Manhajar 2go ta dushe da dubban abokantakar da aka ƙulla a cikinta. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan sa'a shida. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter na wata bakwai, aka kuma katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro. Wanda ya san gidan abokinsa da sunan mai unguwarsu bai rasa hanya ba a irin waɗannan ranaku.

Mutum nawa zuciya ke ɗauka?

Masanin halayyar ɗan Adam na Birtaniya, Robin Dunbar, ya yi fice da ra'ayin cewa mutum ba ya iya riƙe hulɗa mai ma'ana da fiye da mutum 150 ko kusa da haka. A cikinsu ma akwai hawa-hawa: kimanin 5 na jiki, 15 aminai, 50 abokai, sauran kuma sanayya. A nazarinsa, abin da ke ajiye mutum a hawan kusa shi ne lokacin da ake ba shi, kuma abota takan yi sanyi da sauri fiye da dangantakar jini idan aka daina haɗuwa. Wasu masana sun yi jayayya da adadin, amma ma'anar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya san bambancin amini da abokin gaisuwa.

Wannan ba ya nufin sanayya ba ta da amfani. Masanin zamantakewa ɗan Amurka Mark Granovetter ya nuna a 1973 cewa labarin aiki da sababbin damammaki sun fi zuwa ta hannun waɗanda ba a shaƙu da su sosai ba, domin suna yawo a inda mutum ba ya zuwa. Ɗan kasuwa ya san wannan tun kafin a rubuta shi. A nan ne Facebook da manyan zauruka ke da ranarsu: suna riƙe da faffaɗan da'irar da ake samun ciniki da labarin ɗaukar aiki da taimakon gaggawa a cikinta.

Raba wa kowace kafa aikinta

Idan aka haɗa waɗannan duka, amsar tambayar ta dogara ne da wanda ake son riƙewa. Don nemo tsohon aboki, da sanar da jama'a, da sanin abin da gari ke ciki, Facebook ya fi. Don sanin abin da mutum ɗaya ke ciki, saƙon murya na kai-tsaye ya fi, kira kuma ya fi shi. Ƙaramin zaure na mutum goma ko goma sha biyar da suka san juna tun yarinta yakan yi aikin da zauren mutum ɗari biyar ba zai yi ba, musamman idan an yi yarjejeniyar cewa ba a turo abin da ba na 'yan zauren ba.

Akwai gwaji mai sauƙi da ɗan kasuwa ko ma'aikaci zai iya yi wa kansa. Ya lissafa mutum goma daga garinsu da yake sa ran za su tsaya a kan iyalinsa idan ta Allah ta kasance. Sannan ya duba wayarsa ya ga yaushe rabon da ya ji muryar kowannensu. Wanda aka wuce wata uku ba a ji shi ba, alamar so da aka danna a ƙarƙashin hotonsa ba ta biya bashin ba. Ya kuma san lokacin da ya dace: kiran da aka yi a watan Yuli ko Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ana neman kuɗin taki da na ƙwadago, ya fi saƙon barka da Sallah da aka tura wa mutum ɗari a tare.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma arewacin Kano na cikin wuraren da wannan magana ba ta da wuyar cikawa. Daga birni zuwa Dambatta ko Bichi ko Minjibir tafiyar sa'a ɗaya ce ko kusa da haka, a je da safe a dawo kafin Magariba. Ta'aziyyar da aka rubuta a zaure tana sanar da cewa an ji, amma a ƙauye har yanzu ana lura da wanda ya zo ya zauna a kan tabarma. Wanda ke Legas ko Makka yana da uzuri, waya ce ƙafarsa. Wanda ke Kwari ko Audu Baƙo kuwa, waya ta fi yi masa amfani idan ya yi amfani da ita wajen sanin ranar da ya kamata ya shiga mota.